Filin tambaya da amsa: zarni, ƙarni da abin da hanci ba ya kamawa a fitsari

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abin da ba a cika faɗa a gaban mutane ba, wato warin bawali. Mun zaɓi bakwai daga Yamai da Tawa, muka cire sunaye kamar yadda aka saba. Wasu amsoshin gajeru ne. Ta ɗalibin kimiyya ta yi tsawo, don ita ce ke bayyana yadda ake awon tun daga kwalba har zuwa takardar sakamako.

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun da zafi ya shigo fitsarina na safe ya yi duhu kamar shayi, ga zarni mai hawa kai. Na ɗiba da asuba, ban samu kai shi labo ba sai bayan azahar. Aka ce ƙwayoyin cuta sun yi yawa, aka rubuta mini magani. Amma ba na jin zafin fitsari, ba zazzaɓi. In sha? (Wata uwa, Bukoki, Yamai)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki haɗiyi ƙwaya ko ɗaya, ki koma wurin likitan ki gaya masa ƙarfe nawa kika ɗiba, ƙarfe nawa ya isa labo, ki roƙi a sake awon. Fitsarin da ya yini a kwalba a watan Afrilu a Yamai ba a kafa hujja da shi.

Kashi 95 cikin 100 na fitsari ruwa ne. A cikin abin da ya rage, mafi yawa ure ne, wanda hanta ke haɗawa daga ragowar nama, wake da sauran abinci mai gina jiki. Babban mutum yakan fitar da giram 20 zuwa 30 nasa a yini, kuma shi ure ba ya wari. Zarnin da kowa ya sani amoniyak ne. Wasu bakteriya irin su Proteus da Klebsiella suna da wani anzim mai suna ureyaz, shi ke farfasa ure ya saki amoniyak. Shi ya sa katifar yaro ba ta zarni lokacin da ya jiƙa ta, sai rana ta ɗaga.

A labo, idan ana son bakteriya su hayayyafa, akwati mai zafin digiri 37 ake sa su. Ɗakinki da rana a wannan wata ya kai haka, watakila ya wuce. Wasu kan ninka yawansu cikin minti 20 zuwa 30, don haka ƴan kaɗan da suka faɗo daga fata da asuba sun zama runduna kafin azahar. Ma'aunin pH, wato na tsami (lambar na hawa idan tsami ya ragu), wanda a sabon fitsari yakan tsaya kusa da 6, sai ya hau 8 ko 9, fararen ƙwayoyin jinin da ya kamata a ƙirga su fashe.

Idan za a sake ECBU, wato awon neman ƙwayoyin cuta a fitsari, ki karɓi kwalbar labo mai murfi, kada ki wanke wata ta gida. Ki yi tsarki da sabulu, ki saki na farko ya zuba, ki tari na tsakiya kamar mililita 20 zuwa 30, ki rufe ba tare da yatsa ya taɓa cikin murfin ba. Ya isa labo cikin awa 2. In ba hali, a sa a firigo a digiri 4, kada ya wuce awa 24. Duhun launin kuma ƙarancin ruwa ne a mafi yawan lokuta: gumi ya kwashe, ƙoda ta yi tsimi. Ki ƙara shan ruwa har ya koma ruwan ɗorawa mai haske.

Wari shi kaɗai ba ya wajabta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mai ciki kam ana yi mata magani ko ba ta jin komai, muddin awon da aka yi daidai ya nuna. Sai kuma wanda fitsarinsa ke zarni tun yana fitowa, pH sama da 8, ga ciwon kwiɓi: wannan a duba masa ƙoda, domin Proteus na gina tsakuwa. Jini a ƙarshen fitsari ga mai shiga kogi kuwa, tsargiya za a fara nema.

Tambaya: Shekarata 19. Tun da na balaga ake cewa ina ƙarnin kifi, alhali ina wanka sau uku a yini. Wata rana babu, wata rana ko ɗaki na shiga sai a tashi. An kai ni ruƙiyya, an yi mini hayaƙi, an ce sammu ne. Akwai awon da zai nuna gaskiya? (Wata budurwa, Tawa)

Amsa: Akwai, ƴar'uwa, kuma abin da kika kwatanta ya yi kama da wata lalura da likitoci suka fara bayyanawa a 1970, tirimetilaminuri. Ba ƙazanta ke kawo ta ba.

Bakteriyar hanjin kowa na sarrafa kolin, wani sinadarin abinci da ke cikin ƙwai, hanta, ƙoda, wake, gyaɗa da waken suya, su fitar da tirimetilamin, a taƙaice TMA. Shi ne ainihin ƙarnin ruɓaɓɓen kifi. Jini ya kai shi hanta, wani anzim mai suna FMO3 ya liƙa masa oksijen ya koma TMAO, wanda ba ya wari, ƙoda ta zubar. Wanda ya gaji raunin anzim ɗin daga uwa da uba duka, TMA ɗinsa na fita yadda yake ta gumi, numfashi da fitsari. Iyayen kansu lafiya lau suke, amma kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da ita, kuma auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwar. Zuwa da tafiyar da kike gani na bin abin da kika ci, da gumi, da kwanakin al'ada, lokacin da aikin anzim ɗin kan ragu.

Ba yawan TMA kaɗai ake dubawa ba, rabo ake fitarwa: cikin jimillar TMA da TMAO, kashi nawa hanta ta iya gyarawa? Mai lafiya yakan wuce kashi 90 cikin 100. Ƙasa da 40 lalura ce mai tsanani. Tsakaninsu akwai masu sauƙi, waɗanda awonsu kan fito lafiya idan ranar ba su ci komai mai tayar da abin ba. Saboda su ake yin gwajin ɗora kaya: a ci kifin teku kamar giram 300, a tara fitsarin awa 2 zuwa 12 bayan ci, ko a sha kolin da likita ya auna. A nan ake yawan kuskure a ƙasarmu. Tarwaɗar Tabalak ko karfasar kogin Yamai ba za su yi wannan aiki ba, don kifin ruwan daɗi TMAO ɗinsa kaɗan ne. Kifin teku ake nufi, irin daskararren da ake kawowa a kwali.

Ɗaukar samfurin shi ne rabin aikin. TMA na tafasa a digiri 3 kacal, wato a zafin Tawa iska ne, da an buɗe kwalba ya tafi, sakamako ya fito lafiya alhali ba haka ba. A ɗaya gefen, bakteriyar da ta shiga kwalba na iya mayar da TMAO ya koma TMA, a ɗora wa mai lafiya ciwon da ba shi da shi. Magani ɗaya ke tare duka biyun: labo na zuba asid kloridirik har pH ya sauka ƙasa da 3, TMA ya zama gishirin da ba ya tashi, bakteriya su tsaya, sannan a daskarar. Wannan aikin ma'aikaci ne, kada ki nemi asid a kasuwa. Kada a ɗiba a kwanakin al'ada, kuma a fara tabbatar da babu ciwon mafitsara ko na gaba, domin su ma suna kawo ƙarni. Awon na bukatar manyan na'urori, don haka ki fara da likitan asibitin jiha, ya duba hanta da ƙoda, ya tsara inda za a aika. Tsakanin Tawa da Yamai ya fi kilomita 500. Samfurin da ya narke a mota ya tashi aiki, sai an sa shi a akwatin sanyi irin na alluran rigakafi.

Ba a warkar da ita, amma ana rage ta sosai. A bar kifin teku, a rage ƙwai da kayan ciki, a yi wanka da sabulu mai pH 5.5 zuwa 6.5, don sabulun gargajiya mai toka yana sakin TMA daga fata ne maimakon ya riƙe shi. Likita na iya ƙara bitamin B2, ko gawayin magani, ko maganin rage bakteriyar hanji na ƴan kwanaki. Idan kika yi aure kika samu ciki, kada ki yanke kolin da kanki, ƙwaƙwalwar jariri na bukatarsa.

Tambaya: Ina karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Abdou Moumouni. Ina son aikin kammala karatuna ya zama kan abin da ke fita a fitsari bayan cin tafarnuwa, albasar Galmi ko shan shayi mai na'ana'a da kanumfari. Ta ina ake farawa? (Wani ɗalibi, Harobanda, Yamai)

Amsa: Malam, ka fara da sanin cewa abin da hanci ke ji ɗan guntu ne na abin da ke cikin kwalbar. Hanta ba ta son abu mai maiƙo ya daɗe a jiki. Ko ta ƙara masa oksijen, ko ta ɗaure shi da asid gulukuronik ko salfat don ya narke a ruwa, kuma da zarar ta ɗaure shi ya daina tashi, ya daina ƙamshi. Mantol na na'ana'a kusan duk a ɗaure yake fita. Ejenol na kanumfari ma haka, yawancinsa cikin awa 24. Tafarnuwa na ba da alil metil salfid, mai warin da ke kwana a baki, amma a fitsari ƴaƴansa biyu marasa wari, salfoksid da salfon, sun fi shi yawa. Wanda ya auna sakakken kawai zai rubuta cewa babu komai.

Tsarin ɗiba. Masu sa kai su bar abincin da kake bincike a kai kwana 2 zuwa 3, ka karɓi fitsarin farko kafin ci a matsayin ma'auni, ka ba kowa adadin da ka auna da sikeli, sannan ka karɓa bayan awa 1, 2, 4, 6, 8 da 24, kana rubuta lokaci da yawan kowanne. Ka nemi izinin kwamitin ɗa'a da sa hannun kowa. Kwalbar gilashi mai murfin Teflon za ka yi amfani da ita, don roba na shan wasu sinadarai tana kuma sakin nata. Ka rarraba kowane samfuri ƙanana ƙanana tun ranar farko, ka daskarar a digiri 20 ƙasa da sifiri, 80 in akwai. Duk narkewa da sake daskarewa asara ce, kuma ka san yadda wuta ke yi a watannin zafi, don haka ka ajiye ma'aunin zafi mai riƙe mafi girman abin da ya gani a cikin injin.

Awon kansa. Kowane samfuri ka raba shi biyu. Rabin farko kai tsaye: mililita 5 a kwalba mai cin 20, gishiri giram 1 zuwa 2 don ya kori sinadaran daga ruwa zuwa iskar da ke sama, a rufe, a ɗumama a digiri 40 zuwa 60 ana motsawa. Sai a soka allura mai siririn zare mai shan ƙamshi, SPME, dabarar da aka ƙirƙiro a Kanada wajen 1990, ya tsaya a iskar minti 30 ba tare da ya taɓa ruwan ba. A zare, a kai bakin na'urar GC-MS mai zafin digiri 250, abin da ya sha ya saki. Heliyom ya tura shi cikin bututu mai tsawon mita 30 da faɗin milimita 0.25, tanda na hawa a hankali daga digiri 40 zuwa wajen 240, kowane sinadari ya fito a lokacinsa, na'urar ta farfasa shi ta auna gutsattsarin. Rabi na biyu kuma sai ka kwance ɗaurin tukuna: ka daidaita pH a 5 da asetat, ka zuba anzim beta-gulukuronidaz, ka bar shi ya kwana a digiri 37. Wanda ake samu daga dodon koɗi na Turai, Helix pomatia, yana kwance salfat ma, na E. coli gulukuronik kawai yake kwancewa kuma ya fi son pH kusa da 7. Bambancin rabi na biyu da na farko shi ne ɗaurarren kaso. Salfoksid da salfon na tafarnuwa ba sa tashi sosai, su sai ka ciro su da dikulorometan.

Kada ka yarda da tsayin tsinin da ke kan allo shi kaɗai. Tun kafin ka taɓa samfurin ka zuba masa sanannen adadi na tagwayen sinadarin, wanda aka musanya wa wasu hidirojen da deteriyom. Duk abin da ya ɓace a hanya, tare suke ɓacewa, rabonsu bai canja ba, kuma da rabon ake lissafi a kan layin awo mai maki 5 zuwa 7.

Sai gyaran ruwa. A ce mutum biyu: na farko ya ba da mikirogiram 60 a lita, na biyu 150. Ka ce na biyu ya fi. Amma kireyatinin, ragowar aikin tsoka da ke nuna kaurin fitsari, na mutumin farko giram 0.5 ne a lita don ya sha ruwa da yawa, na biyu 2.5 don ya yini a rana. Raba: na farko 120 a kowane giram na kireyatinin, na biyu 60. Magana ta juye. Samfurin da kireyatinin ɗinsa ya gaza 0.3 ko ya haura 3.0 a lita, ajiye shi ake yi a sake ɗiba. Awon kireyatinin ɗin ba wuya, hanyar Jaffé ce ta 1886, kowane labon asibiti na yi.

Abubuwan da ke ɓata aiki sanannu ne. Zafi mai yawa ko asid mai ƙarfi na ƙirƙiro sinadaran da babu su a jiki. Asetoasetat, alal misali, yakan koma aseton a kwalba. Anzim ɗin dodon koɗi yana zuwa da nasa tarkacen, don haka ka gudanar da shi a ruwa zalla ka ga abin da ya kawo. Tsini masu lamba 73, 207 da 281 yawanci silikon ne daga murfi ko bututu, ba daga mutum ba. Turaren da ke jikinka da hayaƙin turaren wuta da ya kama rigarka za su shiga zaren, ka bar su ranar aiki. In na'urar na da reshen shaƙa, inda ake raba abin da ke fitowa rabi ga inji rabi ga hancin mutum, ka yi amfani da shi: sinadaran sulfur sukan yi wari a adadin da injin bai ma nuna tsini ba. Tun 1971 Linus Pauling da abokan aikinsa suka ƙirga abubuwa kusan 280 a tururin fitsari. Shawararmu ka zaɓi uku ko huɗu ka auna su da kyau, shekara ɗaya ba ta isa fiye da haka ba.

Tambaya: Na haihu kwana 5. Ina shan hulba don nono. Fitsarin jaririn da guminsa na ƙamshin ƙonannen suga. Ƙanwata ta ce akwai ciwon da ke haka. (Wata mai jego, Talaje, Yamai)

Amsa: Barka da arziki, Allah ya raya. Ƙanwarki ta yi gaskiya, amma hulbar ce ta fi kusa. Sinadari ɗaya ne a duka biyun, sotolon. Yana cikin hulba, yana bi ta nono, gumi da fitsari, kuma hanci na kama shi ko da ɗan mitsitsi ne. Shi ne kuma ke fita a ciwon gado da likitocinmu ke kira lesinoz, wanda aka bayyana a 1954, inda jiki ke kasa sarrafa lesin, izolesin da balin, sinadaran gina jiki na cikin nono. A duniya yakan faɗa wa jariri ɗaya cikin kusan 185,000.

Hanci ba zai raba miki su ba, jaririn ne zai raba. Mai ƙamshin hulba yana tsotso da ƙarfi, yana kuka, yana farkawa. Mai lesinoz yakan fara ƙin nono daga kwana na 2 ko na 3, barci ya yi masa nauyi, zuwa kwana na 4 ko na 5 ya riƙa sandarewa yana banƙarewa, ƙafafu na juyawa kamar mai tuƙa keke. In kin ga ko ɗaya cikin waɗannan, asibiti yau ɗin nan, kada a ce sai an yi suna. A can za a tsoma tsinken awo a fitsarinsa: keton, ragowar ƙona kitse a jiki, a fitsarin sabon haihuwa ba abu ne na al'ada ba, alama ce mai ƙarfi. Tabbaci kuma a jini yake, inda alo-izolesin ya haura mikiromol 5 a lita. Ki faɗa wa likita kina shan hulba. In yaron lafiya yake, ki dakatar da ita kwana uku, ƙamshin zai dushe.

Tambaya: Ƙanena na sayar da isansi a kwalabe bakin hanya shekara shida, da baki yake zuƙo shi ta tiyo. Ya ce shi ba ya ma jin warin. Fitsari zai nuna ko ya shiga jikinsa? (Wani mai gareji, Tawa)

Amsa: Zai nuna, Maigida. Rashin jin warin gajiyar hanci ce kawai, huhu na nan na sha. Abin tsoro a isansi shi ne benzen, wanda aka tabbatar yana kawo kansar jini. Jiki na sarrafa shi, ragowarsa biyu ake nema a fitsari. Na farko SPMA, ɗan kaɗan ne ƙwarai amma benzen kaɗai ke ba da shi. Iyakar da masana lafiyar ma'aikata na Amurka suka daɗe suna aiki da ita mikirogiram 25 ce a giram na kireyatinin. Na biyu asid mukonik, iyakarsa 500, ya fi sauƙin awo amma yana ruɗi, domin sorbat da ake sa wa lemon kwalba da kayan gwangwani, mai lamba E202, shi ma yana komawa asid mukonik. Irin wannan ruɗin ne ya sa aka rage dogara da asid hipurik wajen masu fenti da masu faci da ke shaƙar toluwen ɗin sholisho: benzowat na lemo, E211, na ɗaga shi. Yanzu an fi auna orto-kiresol ko toluwen ɗin kansa.

Lokacin ɗiba ne ke yanke hukunci. Waɗannan ragowar ba sa daɗewa, rabinsu na fita cikin awa 5 zuwa 9. A ɗiba da yamma daidai tashi daga aiki, bayan ya yi kwanaki a jere yana yi. Wanda ya huta Juma'a ya kai fitsarin safiyar Asabar zai samu takarda mai kyau da ba ta nufin komai. Ya wanke hannu, ya canja riga, ya yi nesa da jarkoki kafin ya buɗe kwalbar. A rubuta ko yana shan taba, don hayaƙinta ma na ɗauke da benzen.

Fitsari labarin yau kawai yake bayarwa, ba ya faɗin ɓarnar shekara shida. Wannan sai awon jini, NFS, wanda ake yi a nan Tawa: a duba fararen ƙwayoyi, jajaye da masu tsayar da jini, a maimaita lokaci lokaci. Zuƙo da baki kuwa ya bari daga yau, ya sayi ɗan famfon hannu. Kurɓi ɗaya da ya sarƙe shi ya gangara huhu ya isa ya kwantar da shi.

Tambaya: Ina da ciwon suga, ina allurar insulin. In na yi azumi fitsarina na warin ruwan goge farce. Tsinken awo wani lokaci ya nuna keton, wani lokaci babu. (Wani dattijo, Yantala, Yamai)

Amsa: Baba, warin da kuke ji aseton ne, alamar jiki ya koma ƙona kitse. Keton iri uku ne, tsinken kuwa asetoasetat yake gani. Wanda ya fi yawa lokacin haɗari, beta-hidiroksibutirat, ba ya ganinsa sam. Ga shi tsinken na mutuwa da zafi da laima: ana son a ajiye shi ƙasa da digiri 30, murfi a rufe, kuma kwalbar da aka buɗe fiye da wata 6 a yar. Ku tsoma a sabon fitsari, ku karanta daidai daƙiƙar da aka rubuta a jikin kwalbar. Maganin hawan jini kaptopiril na iya sa ya nuna keton alhali babu. Na'urar yatsa mai auna keton a jini ta fi: ƙasa da milimol 0.6 a lita lafiya, 3 ko sama asibiti nan take. Suga sama da giram 3 a lita, ko ƙasa da 0.70, ko amai da ciwon ciki tare da wannan wari, ku karya azumin ku nemi likita, kuma kada ku tsallake allura don ba ku ci ba sai da shawararsa.

Tambaya: Kakarmu na kwance da robar fitsari wata uku. Jakar ta koma shuɗi mai ja-ja kamar an rina, ga ɗoyi. Fitsarin da ke ciki kuma ba shuɗi ba ne. Mene ne wannan? (Wata jika, Wadata, Yamai)

Amsa: Rinin ne kuwa, ƴata, baba ce irin ta marina. Bakteriyar hanji na mayar da tiriptofan na abinci ya zama indol, ɗaya daga cikin masu ba bayan gida warinsa. Hanta ta ɗaure shi da salfat, ya fita a fitsari ba launi ba wari. Idan bakteriya irin su Providencia, Klebsiella ko Proteus suka zauna a robar, sai su kwance ɗaurin, iska ta taɓa shi ya zama shuni da ɗan'uwansa ja, su kama jikin roba. Kamar yadda marini ke zuba toka a karofi, nan ma sai fitsari ya bar tsami ya koma pH mai yawa abin ke kamawa, kuma amoniyak ɗin da ya ɗaga pH ɗin shi ne ɗoyin da kuke ji. An fi ganinsa ga tsofaffin mata masu fama da taurin bayan gida, don indol ya fi taruwa idan hanji ya tsaya.

Launin kansa ba ya cutarwa. A kira ma'aikacin jinya ya canja robar da jakar, a ba Inna ruwa isasshe, a magance taurin cikin. In akwai zazzaɓi, ruɗewa ko ciwon mara, a yi ECBU, amma a ɗibi fitsarin daga sabuwar robar da sirinji mai tsabta, ba daga jakar ba. Jakar kuma ta riƙa zama ƙasa da ƙugunta, ba a kan katifa ba, a juye ta tun kafin ta cika.